Ranar da Dattawan Mahauta Suka Kamu da Ciwo Ɗaya

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abin da ba zai taɓa fita raina ba, ba sai na yi dogon tunani ba. Ranar nan ce da malamina na jami'a ya tsaya gaban dattawan mahautan garinmu Garwa, yana murmushi har kunne, ya yi musu albishir cewa hanjinsu duka ya lalace.

Mu gidan pawa ne, tun kakanmu da ya biyo shanu daga Nijeriya ya ga wuri ya zauna. Ni ce 'yar fari a wurin Baba, ni ce kuma na yi nisa a boko har na kai wata jami'a can kudu. Abin da nake bincike a kai shi ne ciwon kumburin hanji, wanda ke sa mutum gudawa da jini shekara da shekaru, in aka yi sakaci kuma yana iya rikiɗewa ya zama sankarar babban hanji. Farfesan da ke duba aikina yana son ya san ko masu cin nama safe da yamma sun fi kowa kamuwa. Da ya ji ni 'yar mahauta ce, sai ka ce an ba shi kujerar Makka.

Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Duk hutun da na zo gida, sai in tarar Baba ya ƙara ramewa. Mutumin da ke kayar da bijimi, ya koma rigarsa na yi masa yawa, butarsa kuma ba ta hutawa. Na san alamun nan kamar tafin hannuna, dare da rana su nake karantawa. Amma ta ina zan fara? Kunyar 'yar fari a gidanmu ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "yarinyar nan", in na shigo zaure sai ya sami abin kallo a bango. Mutumin da ba ya iya tambayata ko na ci abinci, shi zan tambaya launin bayan gidansa? Na bi ta wurin Inna, ta ce ya ce basir ne, yana shan jiƙo, kada a sake yi masa zancen lopital, wato asibiti. Na so in cusa shi cikin binciken, Farfesa ya ce ƙa'ida ta hana sa mahaifin mai bincike. Haka na zauna da ilimina ina kallon ubana yana narkewa.

Sai Farfesa ya zo Garwa da kansa, da kwat da ɗamarar wuya a cikin zafin nan namu. Aka kai shi wurin Baffa, yayan Baba, wanda shi ne Sarkin Pawa. Baffa mutum ne da ba ya jin an ce ga hoto ya zauna. Ya sa babbar riga, ya tara dattawa goma har da shi, ya yi jawabin da ya ce mahautan Garwa mutanen ci gaba ne, ko jininsu ilimi ke so za su bayar. Aka yi tafi, aka ɗau hoto, aka ci soya, tsiren namu. Sannan na fito da 'yan kwalaben roba masu ƙaramin cokali a jikin murfi, na sunkuyar da kai na yi bayanin alamun ciwon da abin da ake so a zuba a ciki.

Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna tatse tumbin shanu da hannu, suna wanke hanji har gwiwar hannu ba ko yamutsa fuska, su ne suka riƙa kallon 'yar kwalba kamar kunama aka miƙa musu. Baffa ya karɓi tasa da yatsa biyu ya jefa aljihu, ya ce, "Ba komai, 'yata, an gama."

Ban sa rai ba. Amma kafin mako ya zagayo, sai ga Inna ta miƙo mini su ɗaya bayan ɗaya a ƙulle cikin leda, kowace da lambarta, ta ce daga wurin Baffa. Har na ji kunyar zargin da na yi wa dattawan nan. Na jera su cikin akwatin ƙanƙara, na hau mota zuwa Ngawundere, na kama jirgin ƙasa, ina rungume da akwatin kamar jariri.

Da sakamako ya fito, Farfesa ya kira ni ofishinsa yana rawar jiki. Duka goman akwai jini a ɓoye, duka goman akwai alamar kumburi mai tsanani, kuma awon kusan iri ɗaya. Na ce, "Mesiye, anya kuwa? Mutum goma, ciki kamar na mutum ɗaya?" Ya ce ai abin da ya sa ya zama babban abu ke nan, sana'a ɗaya, abinci ɗaya, ciwo ɗaya. Kafin in fita har ya raɗa wa abin suna da Faransanci, ya fara zancen taron masana a Turai. Ko sau ɗaya bai ce "Allah sarki, bayin Allah" ba.

Muka koma Garwa. Baffa ya sake tara jama'a, ya sake sa babbar riga, don ya ɗauka lambar yabo aka kawo. Baba na can gefe a kan tabarma, inda ƙane ke zama, yana jan carbi. Farfesa na magana, ni ina juyawa da Hausa. Da na faɗi sakamakon, sai na ga dattawa suna satar kallon juna, amma ba wanda ya musa. Ashe sun gwammace a ce suna da mugun ciwo da a ce sun yi ƙarya a gaban baƙo. Baffa ma har gyaɗa kai yake, wai shi mai tawakkali.

Sai Farfesa ya zo kan mataki na gaba. Kowannensu za a kwantar da shi a asibiti, a zura wata doguwar roba mai kyamara a duba babban hanjin daga ciki. Wani tsoho ya ce, "Ta baki ke nan?" Na yi kamar ban ji ba. Ya sake tambaya. Na ce, "A'a, Kawu. Ta ƙasa."

Baffa ya miƙe zumbur har hularsa ta faɗi. "La ilaha illallahu! Ni? Sarkin Pawa? To ku ji da kyau, wallahi tallahi ko ɗigon abin cikina bai bar gidana ba! Kwalbar nan yadda aka ba ni haka na bayar da ita!" Kafin ya rufe baki zaure ya kaure. Wannan na rantsuwa, wancan na cewa shi ko buɗe murfin bai yi ba, wani na cewa shi cikinsa lafiya lau, ko dutse ya ci narkewa yake. Masu ba da jininsu don ilimi ke nan. Farfesa ya tambaye ni me ke faruwa, na gaya masa, ya dafe kai yana ta sambatu a kan takardarsa da ta rushe da tafiyarsa da ta sha ruwa.

A cikin hayaniyar nan duka, ba wanda ya tsaya ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Ni na yi ta. Na ce, "Baffa, to wa ya cika su?"

Baffa ya ɗaga hannu ya nuna gefe, ko kunya babu. "Ubanki mana. Shi ya bi mu gida gida ya ce mu kawo, zai rufa mana asiri. Mu mun ɗauka ladabi ne."

Na juya. Baba bai ɗago ba, carbin dai ya tsaya a hannunsa. Abin da nake tsoro tun tuni ga shi an auna, an tabbatar har sau goma, kuma ni na ɗauke shi a cinyata daga Garwa har kudu ban sani ba.

Daga baya Inna ta gaya mini sauran. Tun ranar da na yi wa dattawa bayanin alamun ciwon, Baba yana gefe yana ji, ya gane da shi ake. Ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Ya ce mata, "Yarinyar nan ta faɗi abin da ke jikina kaf. Ni ba zan iya buɗe baki in gaya mata ba. Amma in ta iya aikinta, za ta gani."

Robar da dattawa suka yi wa bore, Baba ya kwanta aka zura masa ba gardama. Aka tarar da tsohon kumburi, da wani tsiro da ya fara zama sankara. Likita ya ce an zo a kan gaɓa, aka yanke wani yanki na hanjin. Da ya farfaɗo, sai ya kalli bango, ya ce wa Inna, ina tsaye a wurin, "Ki ce wa yarinyar nan ta iya aikinta." Na fita baranda na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Baba na nan da ransa, yana shan maganinsa, ya bar wa ƙannena wuƙa. Farfesa bai sake taka Garwa ba. Baffa kuwa har yau in an yi baƙi sai ya nuna musu hoton nan, ya ce shi ya kawo binciken da ya ceci ƙanensa.

Abin da na koya ban same shi a aji ba. Mutanenmu suna iya mutuwa da ciwo a ciki don kada a ce sun yi rashin kunya, masana kuma suna iya murna da ciwon don ya yi kyau a takarda. Shi ya sa yanzu, duk dattijon da ya zauna gabana a asibiti ya ce lafiyarsa ƙalau, wai wani ɗan'uwansa ne ke ganin jini, ba na kama shi da ƙarya. Kwalba nake miƙa masa, in ce ya kai wa ɗan'uwan nasa, ya kuma dawo da ita gobe da safe.