Ni Na Koya Mata Cewa To

'Yar ƙanwata ta haura talatin, amma hankalinta na ƙaramar yarinya ne. Tun tana mitsitsiya nake ja mata kunne: in babba ya yi magana, ki sunkuyar da kai ki ce to, ban da musu. Gudun kada a ce ga lalura ga rashin kunya. Ta kuwa riƙe.

Da uwarta ta rasu, yayanta mahauci a mayankar Abattoir ya ɗauke ta. Takan zo rumfata a kasuwar Farin Gada ta taya ni gyaran kabeji. Wata rana na ga da hannun hagu take ɗaga kwando. Na ja ta bayan buhuna na ɗage rigarta. Shatin wayar wuta, sabo a kan tsoho.

"Wa ya yi miki?"

"Yaya. Na ƙona wake."

Ban rufe rumfa ba ma, na kai ta caji ofis. Aka aika wa yayan, ya zo da farar shadda yana ta gaishe-gaishe. Ogan wurin ya tambaye ta ko an doke ta, ta ce e. Sai yayan ya yi murmushi.

"Haba auta, ba faɗuwa kika yi a kan waya ba?"

"To, Yaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, fitar da shi waje. Ka tambaye ta me ya faru kawai, za ta faɗa da bakinta."

"Mama, wadda ke amsa wa kowa to, wane alƙali zai saurare ta? Maganar gida ce, ku je ku shirya."

Na ce to a ba ni ita. Yayan ya ce shi ne makwafin uba, ni ɗakina ɗaya. Oga ya juya wajenta: "Za ki bi yayanki ko?"

Na kafa mata ido, ina roƙon Allah ta yi musu sau ɗaya a rayuwarta. Ta ga idon nan nawa, ta zaci faɗa zan yi, ta yi maza ta durƙusa ta amsa.

Yayan ya tare keke mai ƙafa uku. Tana ciki tana ɗago mini hannu, murna take ba ta ba ni kunya a gaban manya ba. Ya hana ta zuwa kasuwa tun ranar. Yanzu ni ke zuwa in zauna a ƙofar gidansu har matarsa ta gaji ta turo ta da ruwa. Kafin in karɓi kofin nake duba bayanta.