Lamba Biyu a Bakin Rafin Gazara

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da na kusa jiƙa wa mutanen Gazara mazarƙwailarsu a rafi ba. Da rani ne, shekara biyu da samun 'yancin kai. Ban daɗe da dawowa gida ba, bayan na ja babbar mota a Ikko da Kumasi da Yamai. Ina jin Yarbanci da Faransanci, ina kuma tabbatar kowa ya san ina ji.

Ga wanda bai san aikin ba: mota in ba kaya, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, kana iya tashinta da giya lamba biyu. In da lodi, ko a gindin tudu, sai lamba ɗaya, mai ƙarfi amma mai tafiyar hawainiya. To, direbobin da na yi zama da su a Ikko sun ɗauki lamba ɗaya giyar 'yan koyo. Da wannan girman kai na dawo.

Ran nan manoman rake suka cika mini bodin motata da mazarƙwaila, wahalarsu ta shekara guda, za mu kasuwar Makarfi. Suka hau saman kaya. Dattijonsu, Malam Sule, ya zauna gaba kusa da ni. Muka tsallake rafi, shanu suka tsayar da mu daidai inda hawa ya fara. Da suka wuce na jefa lamba biyu.

Malam Sule ya ce, "Ɗana, ni ban san mota ba. Amma jakina in na labta masa kaya, da gajeren taku yake farawa."

Na ce, "Baba, wannan ba jaki ba ce. Na tuƙa irinta har bakin teku."

Na saki kuloci. Mota ta yi karkarwa, ƙaurin ƙuna ya tashi, inji ya mutu. Sai muka fara gangarawa baya. Na danne birki da dukan ƙarfina, nauyi na rinjayarsa. Mazarƙwaila kuwa in ta sha ruwa, sai dai kifi ya yi kunu. Na zagi motar da Yarbanci, na roƙe ta da Faransanci, ba wanda ta ji. Manoman ne suka diro suna salati, suka cusa duwatsu bayan taya. Ruwa na lasar tayar baya muka tsaya.

Na tada inji, na sa lamba ɗaya, kaina a ƙasa. Ta haye tsaf, ko tari ba ta yi ba.

Sai da muka kai kan tudu Malam Sule ya gyara rawani, ya ce, "Ɗana, a can bakin tekun, babu tudu ne?"

Na ƙara shekaru masu yawa a kan sitiyari. Duk wanda na koya wa tuƙi nakan ce masa, kafin ka taɓa giya dubi kayanka, dubi ƙasa, ka kuma saurari mai kayan. A Gazara kuwa, har na bar aiki ba wanda ya ƙara kirana da sunana. Lamba Biyu suke cewa, ni kuma ina amsawa.