Mai Gaishe da Mutumin Rediyo

A bayan masu faci, kusa da inda motocin Kano ke lodi a Daura, akwai wani ɗan shago da bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Nan Sha'aban ɗan Malam Dabo yake wuni, shi da benci da waya. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana, amma in gaisuwa ce ko tsohuwa ba za ta nuna masa ba.

Mahaifinsa dillalin dabbobi ne a kara. Abu biyu ya bar masa kafin ya rasu: sanin shekarun rago daga haƙoransa, da wata tarbiyya da yake nanata masa tun yana ƙarami. "Ɗan mutunci ba ya shiga wurin mutane da buƙata a bakinsa," in ji shi. "Ka gaisa, ka zauna. Mai gida ne zai ce me ke tafe da kai."

Sha'aban ya yi difloma a Katsina. Abokan karatunsa duk suka watse, wasu Kano, wasu Abuja, shi kuwa jinyar tsoho ta dawo da shi gida. Da aka yi rasuwa, aka share makoki, sai ya waiga ya ga gidan ya yi masa girma. Ƙanwarsa Rauda tana aure a Mashi. Majalisar da suke zama da yamma ta koma wurin ajiye babura. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, har yakan kunna rediyo ba don ya saurara ba, don dai a ji murya a tsakar gida.

Cikin wannan zaman ne dabara ta zo masa. Zai buɗe shafi a intanet, ya riƙa ɗaukar bidiyon ragunan makiyaya, ya buɗe bakin kowanne a ga haƙora. Mutumin birni ya zaɓa daga ɗakinsa, rago ya ci gaba da kiwo a ƙauye, gab da Babbar Sallah a ɗora masa a mota. Ya sa wa shafin suna Ragona. Ya zaga rugage da ƙauyuka yana bayani, ana yi masa kallon wanda boko ya taɓa. Mutum ɗaya ne ya yarda, Nagoggo na garin Babban Mutum, aminin mahaifinsa. Ya ce zai riƙe ragunansa, ba zai kai kasuwar Mai'aduwa ba har a ga watan Sallah. In an ga wata babu mai saye, to, kowa ya kama gabansa.

Saura masu saye. Mabiyan shafin kuwa ba su wuce Rauda da mijinta da wasu 'yan ajinsu da ba sa ko leƙawa ba. Sha'aban ya san maganin abin: wani Kalilu da ke gabatar da shirin ƙananan sana'o'i a wani gidan rediyo a Katsina. In ya ambaci Ragona sau ɗaya, an gama.

Ya zauna ya kalli bidiyoyin Turawa masu koyar da yadda mai sabuwar sana'a zai tallata kansa ga 'yan jarida ba tare da ɗan tsakiya ba. Shawara ta farko ita ce ka saba da ɗan jarida kafin ka nemi wani abu. Sha'aban ya yi murmushi, ya ce ashe Turawa ma sun san abin da Baba ya sani. Ta biyu kuwa cewa ta yi ka faɗi labarinka tun a layin farko, kada ka ɓata wa mutum lokaci. Wannan ya tsallake ta, ya ce rashin kunya ce irin tasu.

Ya samo lambar Kalilu. Kowace safiya, in ya dawo daga masallaci, sai ya rubuta: "Salamu alaikum, ranka ya daɗe. An tashi lafiya? Ya iyali, ya aiki? Allah ya ƙara ɗaukaka." Wata rana a amsa da "Lafiya lau", wata rana hoton babban yatsa, sau da yawa shiru. Ran da aka rubuto masa "Amin, na gode", wuni ya yi yana fara'a, har mai faci ya tambaye shi ko an ba shi mata ne.

Bayanin sana'ar kuwa tuni ya tsara shi, ya gyara, ya sake gyarawa, ga bidiyon wani farin rago mai baƙin kunne da ya fi kowanne kyau. Jira kawai yake a tambaye shi.

"Yaya, ka faɗa masa mana," in ji Rauda a waya. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Bai tambaya ba tukuna."

"To in bai tambaya ba fa?"

"Zai tambaya. Mutumin kirki ne, kin ji yadda yake magana a rediyo."

Abin haushi, gaskiyarsa ce, Kalilu mutumin kirki ne. Sai dai masu gaishe shi da safe sun fi a ƙirga: mai son a gaishe da surukarsa a shiri, mai neman taimako, mai gaisuwar banza. Waya ba zaure ba ce. Ba wanda ke ganin ka zauna ka naɗe ƙafa kana jira.

Aka ga wata. Washegari Nagoggo ya zo da kansa a bayan babur, bai aiko ba. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan Nagoggo ya dubi ƙasa.

"Ɗan Dabo, na cika maka alkawari. Amma dabba ba ta san intanet ba, dusa ta sani. Lahadi zan kai su."

"Ba komai, Baba. Allah ya kawo kasuwa."

Ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo ya goge bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya zaɓi ragon da ba ya nan. Na mai baƙin kunnen ne ya daɗe yana kallo kafin ya danna.

Ranar Sallah ya je Idi ya dawo, maƙwabta suka aiko masa da nama, ya ci shi kaɗai. Washegari da safe hannunsa ya rubuta wa Kalilu barka da Sallah kamar yadda ya saba. Bai ajiye wayar ba sai ga saƙon murya, mai tsawo, irin muryar nan ta rediyo.

"Malam Sha'aban, barkanmu da Sallah. Wallahi yau da na samu hutu nake duba saƙonni, na ga kai ba ka taɓa fashin gaishe ni ba, ni kuwa ko sana'arka ban sani ba. Ka yafe ni. Makon jiya ma har na rasa wanda zan sa a shirin layya, da ƙyar na cike lokacin. Ko akwai abin da zan yi maka?"

Sha'aban ya saurara sau biyu. A waje yara na wucewa da ƙwaryar nama, wani na ƙona kai da ƙafa, ƙauri ya cika unguwa. Ya fara rubutu ya goge. Sannan ya rubuta:

"Babu komai, ranka ya daɗe. Gaisuwa ce kawai."