Ƙarfen da Yayana Ya Haɗa a Tsakar Gida

Har yanzu in ƙarfe ya faɗi kusa da ni, ko da murfin tukunya ne, sai in zabura in waiga. Abin bai daɗe da faruwa ba, shi ya sa.

Ina gama sakandare Yaya ya aiko a kawo ni wurinsa. Mu biyu iyayenmu suka bari, shi babba, ni auta. Direba ne a wata ma'aikata, kuma lokacin ne gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas tana dawowa Abuja. Manya an ba su gidaje a cikin gari, shi kuwa ya kama ɗaki biyu a Jikwoyi, a gidan wata tsohuwa 'yar Gbagyi mai noman doya. Kowa Mama yake ce mata.

Zaman mota ya lalata Yaya. Kullum yana cikin cunkoson Nyanya, safe da yamma, har ya ajiye tumbi, bayansa kuma ya fara ciwo. Wata rana ya shiga da kaya gidan ogansa, ya ga ɗaki guda an cika shi da injinan motsa jiki. Tun daga ranar ba mu ƙara jin wata hira ba. Ya je kasuwar Wuse ya tambayi kuɗin irinsu, ya dawo yana dariya har da riƙe ciki.

"Auta, wai keken da ba ya zuwa ko'ina ya fi mai zuwa kasuwa tsada! Ni zan haɗa nawa, ko sisi ba zan kashe ba."

Kuma bai kashe ɗin ba. Ko'ina gini ake yi a lokacin, duk inda ka waiga bulo ne da rodi. Wani birkila abokinsa ya ba shi ragowar siminti da tsakuwa, ya tsinto bututun ƙarfe mai tsawo da bokitan fenti biyu. Ya cika bokitan da kwaɓaɓɓen siminti, ya soka bututun, ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan. Don ya ƙara nauyi har da tsofaffin kusoshi ya zuba. Ni ce mai yayyafa musu ruwa kullum da safe, kamar ina renon shuka.

Bencin da muke zama shan iska ya zama wurin kwanciyarsa. Wurin ɗora ƙarfen kuwa, bulo ya jera hagu da dama, irin bulon nan da yashi ya fi siminti yawa.

Mama tana ɓare gyaɗa tana kallonsa. "Direba, wannan kaya ina za ka kai shi?"

"Ba inda zan kai shi, Mama. Ɗagawa zan yi in sauke."

"To wa zai biya ka?"

"Lafiya ce za ta biya ni."

"Allah Ya ba ka lafiyar," in ji ta. "Ta kai ɗin nake nufi."

Ranar wata Asabar da hantsi ina wanki a bakin rijiya, yana kwance yana ɗagawa yana nishi. Na ji ya mayar da ƙarfen kan bulo, sai na ji wani ƙus, kamar an taka busasshen burodi. Nishin ya tsaya. Da na juya, bulon gefe ɗaya ya marmashe, bututun ya sauka a ƙirjinsa yana gangarowa wajen wuyansa. Ƙafafunsa na dukan iska. Bakinsa a buɗe, amma babu murya.

Na kama bututun da hannu biyu na ja sama. Hannuna duk kumfar sabulu, ya zame. Na sake kamawa, ko motsi bai yi ba. Idanun Yaya suka yi jawur, yana kallona, ni kuma abin da ke zuwa raina kawai shi ne, in ya tafi wa ya rage mini? Ban san na yi ihu ba, daga baya maƙwabta suka ce har bakin titi an ji.

Mama ce ta shigo daga gona, ɗaurin itace a kafaɗarta. Matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka tun suna yara. Ta watsar da itacen. Ba ta ko gwada da hannu ba. Ta durƙusa, ta cusa kafaɗarta ƙarƙashin bututun kusa da bokiti ɗaya, ta ce mini, "Ke yarinya, ja ƙafarsa!" Ta miƙe da shi a hankali. Na ja. Yaya ya sulmiyo daga benci ya faɗo kaina, ƙarfen ya daki ƙasa har bokiti ɗaya ya tsage.

Ya daɗe yana tari kafin ya iya magana. Abin da ya fara cewa shi ne, "Auta, kin yaga mini wando." Na fashe da kuka, na kai masa duka a kafaɗa, sannan na riƙe shi na ƙi saki.

A asibiti suka ce ƙashi bai karye ba, amma ƙirjin ya yi baƙi, ya kumbura, ya yi kwanaki ba ya iya juya sitiyari. Ni nake gasa masa da ruwan zafi.

"Yaya, don girman Allah a jefar da abin nan."

"Laifin bulo ne, ba na ƙarfe ba. Zan sa mai walda ya yi mini maɗori mai kyau."

"In ka sake kwanciya ƙarƙashinsa, wallahi ƙauye zan koma."

Na san ba zai bari ba, don ya ce tun da ya fara bayansa ya daina ciwo. Mama da ke jin mu daga ƙofa ita ta raba gardamar. Ta sa aka kinkimi ƙarfen aka kai rumbun doyarta, ta datse da kwaɗo. Ta ce ko an yi maɗorin, ba zai taɓa shi ba sai tana zaune a wurin, ni ma ina tsaye a kansa.

Mai walda ya yi aikinsa, kuma wannan karon Yaya ya biya, yana mita. Jiya da yamma na ji shi a ƙofar Mama, ƙato da shi, ya rage murya.

"Mama, a taimaka a ba ni aron ƙarfena."

"Yau kafaɗata ta gaji, direba. Sai gobe."

Ya dawo ya zauna kusa da ni a kan bencin, yana ƙunƙuni. Na tura masa kwanon gyaɗa, ya sa hannu.