Littafinta Ya Fi Nawa Kauri

Mamata ba ta iya karatu ba, don haka tun ina firamare ni ce idonta a kan Littafi Mai Tsarki. Kowace safiya, kafin a dama kunu, takan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron gidanmu a Zuru, in buɗe in karanta, ita kuma tana ɓare gyaɗa tana cewa amin ko da ba a zo wurin amin ba. Na yi aure a unguwar da ke bayanmu, na haihu, amma aikin nan bai bar hannuna ba. Mu biyu ta haifa, ni da ƙanena. Shi ya samu kakin soja da babban hoto a bangon ɗakinta, ni na samu tabarmar safe, kuma ban taɓa jin an ƙware ni a rabon ba.

Mu 'yan cocin mishan ne tun zamanin babanmu, wanda ya rasu yana dattijon ikilisiya. Sai ƙanena ya je garin Kanya ya ɗauko mana 'yar Katolika. An yi gunaguni a coci, aka gaji aka bari. Yarinya ce mai sanyin magana, ga ladabi, ba ta kirana sai da Yaya, carbinta kullum a ƙarƙashin matashi. Da yake aiki yana yawo da mijinta daga bariki zuwa bariki, a gidan Mama ta zauna.

Ranar da na fara ganin Littafinta Mai Tsarki a kan tebur, sai na ɗauka na auna da nawa. Bango iri ɗaya, Hausa iri ɗaya, amma nata ya fi kauri. Ni kuwa malamar makarantar Lahadi ce, bakina ba ya ajiye magana.

Na ce, “Amarya, mi kunka cusa a ciki haka? Kun ƙara wa Allah magana?”

Ta yi murmushi ta ce, “Yaya, ba mu munka ƙara ba. Ku kunka rage.”

Daga nan muka samu abin yi. Muna surfe muna musu, muna tsince shinkafa muna musu. In kawo aya, ta kawo abin da Fada, limamin cocinsu, ya ce. In ce Fada mutum ne kamar kowa, Littafi kaɗai ke da iko. Ta ce to wa ya tattara littafin ya miƙa mana, in ba Ikilisiya ba? Nakan yi mata dariya, domin a ganina ni ke cin nasara kullum. Ayoyi na zube a kaina, ita kuwa sai ta yi ta laluben shafi. Mama ba ta sa mana baki, sai dai ta ce mu kula kada tuwo ya kama.

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun kowa a garin, aka tura su ƙanena aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa. Gawarsa ce ta dawo. Muka binne shi a Dabai, kusa da gonar kakanmu. Bayan makoki aka kawo akwatinsa na ƙarfe, muka buɗe mu uku. Ga kaki, ga takalma, ga ƙaramin Sabon Alkawari da na ba shi da hannuna. A cikin wata leda kuma, tare da agogonsa da abubuwan da aka cire daga jikinsa, ga laya ɗinke da baƙar fata.

Mama ta zauna a ƙasa. Ashe ita ta karɓo layar wurin wani kawunmu mai bin al'adar gargajiya, ta ƙulle a bakin zane, ta ba shi a asirce ranar da zai tafi. Matar dattijon coci guda, amma uwa ce, kuma ta ga sojoji da yawa sun fita daga garin nan ba su dawo ba.

Washegari a kan tabarma ba ta taɓa gyaɗa ba. Ta ce, “Ɗiyata, duba mini. Wanda ya mutu da abin ga a jikinai, kuma ba shi ya nema ba, akwai abin da za a yi mishi?”

Na duba. Na san inda zan duba, kuma na san abin da zan tarar. A koyarwarmu, mutum in ya mutu lissafinsa ya rufe, tsakaninsa ne da Ubangijinsa, addu'ar masu rai ba ta ƙara masa ba ta rage masa. Na gaya mata haka da lallashi iyakar iyawata. Fastonmu ma ya zo, mutumin kirki, ya zauna ya daɗe, ya ce jinƙan Allah ya fi laya ƙarfi, ta bar yaron a hannunsa. Ta ce to. Amma abinci ya daina shiga, zane ya fara yi mata yawa. Ba ta musa jinƙan Allah ba, abin da za ta yi da hannunta take nema.

Wata safiya ɗana ya tashi da zazzaɓi, na makara. Da na shigo gidan, sai na ji karatu a gindin mangwaro. Matar ƙanena ce zaune a gefen tabarmar da nake zama, littafin nan mai kauri a cinyarta. Na tsaya a bakin zaure. Labari take karantawa daga cikin littattafan da babu su a namu: wasu sojoji sun faɗi a yaƙi, da aka zo ɗaukar gawarwakinsu sai aka tarar da kayan tsafi a ƙarƙashin rigunansu. Shugabansu bai juya musu baya ba. Ya tara mutanensa suka roƙa musu gafara, ya kuma aika a yi hadaya dominsu.

Mama ta ce, “Sake karanta wurin rigunan.”

Ta sake, tana tuntuɓe a kan sunaye, tana bin layi da yatsa. Na ga Mama ta jawo kwanon kunu ta sha.

Ya kamata in yi murna, uwata ta ci abinci. Kishi na ji, irin wanda ke sa kunne ya yi zafi. Shekara da shekaru ina karanta mata, ban taɓa tsallake layi ba, ranar da ta fi bukata kuma sai littafina ya ƙare kafin ya kai inda take so. Wannan yarinya da ba ta iya furta sunayen ba, ita ke da shafin.

Na tafi wurin fasto da zafina. Ya bayyana mini dalla-dalla: littattafan nan ba sa cikin waɗanda Yahudawa suka riƙe a matsayin Nassi, shi ya sa magabatanmu suka ware su, ana iya karanta su don tarihi, amma ba a gina koyarwa a kansu. Na haddace, na dawo gida na juye wa Mama duka, matar ƙanena tana wanke-wanke tana jinmu.

Mama ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, “Ni ban san wa ya ƙara ba, ban san wa ya rage ba. Ku masu ido ku kunka sani. Ni dai na ji an ambaci ɗana a ciki.”

Ba ta bar cocinmu ba. Ranar Lahadi tana sahun gaba da ɗankwalin zumuntar mata, kuma da safe ni ke karatu kamar da. Sai dai in na rufe littafina na tashi, ba a naɗe tabarmar. Ina fita sai in ji ta kira, “Ke amarya, kin ƙare shara?” Na koyi jan ƙafa a zaure don in ji abin da suke yi. Wani lokaci karatu, wani lokaci kuma yarinyar ce ke jan carbi tana ambaton sunan mijinta, Mama tana amsa amin, kuma yanzu a daidai wurin amin take amsawa.

Farkon watan Nuwamba, ranar da 'yan Katolika ke tunawa da matattunsu, na iske su sun tsayar da ɗan kabu-kabu za su Dabai. Tsintsiya, kyandir, da ruwan da Fada ya sa wa albarka a cikin gorar roba. Mama ta taɓa ba ni labarin cewa tana yarinya ana jera tukwane a kan kabari, ana kai wa na ƙasa gaisuwa, kuma ta bar duk wannan ranar da aka yi mata baftisma. Yanzu ga ta an ɗora ta a kan babur, ta riƙe ƙugun surukarta.

“Yaya, ki zo mu tahi mana,” in ji matar ƙanena. Har zuciyarta ta faɗa, wannan ne ya fi ba ni haushi.

Na ce ina da aiki. Ƙanena ne, ni na goya shi, amma ko na je ban san abin da zan yi a bakin kabarin ba in ban da tsayuwa.

Bayan shekara ta zagayo, iyayen matar ƙanena suka zo suka nemi ta koma Kanya, kamar yadda ya dace. Ba zan ɓoye ba, da ƙarfina na taya ta ɗaure kaya. Da za ta hau mota sai ta ciro littafin daga jaka ta ajiye wa Mama a cinya, ta ce za ta riƙa leƙowa ranar kasuwa.

Kwana kaɗan bayan haka, na gama karatun safe zan tashi, Mama ta miƙo mini shi a naɗe cikin ɗankwali. An sa tsinken tsintsiya a wurin.

“Karanta mini na sojojin.”

Na daɗe ina kallon bangon littafin. Ina koya wa yara cewa wannan ba Nassi ba ne, kuma har yau haka na gaskata. Amma tabarmar ta dawo hannuna ni kaɗai, ba kuma zan bari ta sake kuɓuce mini ba. Na buɗe, na gyara murya, na karanta mata shi tsaf. Ban yi tuntuɓe a kan suna ko ɗaya ba. Da na kai ƙarshe na ɗaga kai ina jiran amin.

Mama tana kallon ƙasa. Can ta miƙo hannu ta karɓi littafin, ta mayar da tsinken wurinsa, ta naɗe shi a ɗankwalin a hankali.

Ta ce, “Kin iya karatu, ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Amma ke karantawa kika yi, ita roƙo taka yi. Bar shi dai, jibi kasuwa, tana zuwa.”