Tabon da ke Bayan Ɗan Ja

Ranar kasuwar Gazawa ce, saura kwana tara mu zauna jarrabawar sartifika, ina 'yar shekara goma sha biyu. Ina tsaye gaban rumfar mai sayen fatu, ina ɗaga ƙafa ɗaya ina ajiye ɗaya saboda zafin yashi, Baba kuma yana warware fatar taurena a kan tabarma. Da safe na riga na zagaya wajen masu takalma har na zaɓi nawa, wasu farare na roba masu maɗauri. Diraktan lakol ɗinmu, wato shugaban makarantarmu, ya rantse cewa duk wanda ba shi da takalmi ba zai hau motar da za ta kai mu jarrabawa ba, wai kar mu ba shi kunya gaban 'yan birni. A gidanmu kuwa babu inda takalmin zai fito sai jikin wannan fata.

Baba mahauci ne a ƙauyenmu, amma abin da yake samu a nama tuwo kawai yake kawowa, sutura sai an sayar da fatu. Awakinmu jajaye ne, irin na ƙasar Maradi, kuma tun kafin in san ƙidaya na san Turawa suna son fatarsu. Saboda haka akwai dokoki a gidan. Ba a dukan akuya da tsumagiya, ba a bari ta kutsa cikin ƙaya, ba a ɗaure ta da igiya mai kaushi. In an feɗe, ba a shanya fatar a rana, sai a miƙe ta da zare a inuwar zaure har ta bushe. Kullum maganar Baba ɗaya ce: "Ku yi hankali, mutanen can ba su son tabo." Mu kuwa da muke kora awakin daji, ƙafafunmu duk faso ne da sartse, kuma ni dai tsumagiyar da aka hana wa akuya na sha ta ba adadi. Ban taɓa ganin mutanen can ba, amma su ne suka fi kowa iko a gidanmu.

Tauren nan tun yana ɗan ƙarami Baba ya ba ni kiwonsa, ya ce ranar da aka yanka shi naman na rumfa ne, fatar tawa ce. Ɗan Ja nake ce masa. In na taso daga lakol sai in ajiye allo in tafi roron harawa da kalar kawon gawo, in ba shi dusa da kanwa, in zauna ina cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya. Ƙawayena suna wasan carafke a bakin rijiya, ni ina goge bayan akuya da tsumma. Har tsokanata suke yi wai na samu miji.

Da sanyin shekarar sai wani kumburi ya fito masa a gadon baya, ya daina cin abinci, ya kwanta. Baba ya tafi sayen dabbobi wajen Cadawa, gidan daga ni sai Inna da kakata Iya Tabawa. Iya ta dube shi ta ce in ba a yi masa lalas ba, ba zai kai jibi ba. Ta sa tsohuwar lauje a murhu har ta yi ja, ni na danne masa kai ina kuka, ta ɗora masa ƙarfen sau biyu kamar yadda ta ga iyayenta suna yi. Kwana uku sai ga Ɗan Ja yana tsalle kan turmi. Muka yi ta murna, Iya tana cika baki tana cewa likitan dabbobi ma albarka. Da Baba ya dawo ya shafa wurin, ya tashi ya tafi rumfarsa. Gashi ya rufe tabon, ni kuma na manta.

Mai sayen fatun bai manta da irin wannan ba. Wani Alhaji ne mai tabarau, yana saye yana tara wa wani kamfani da ke lodi zuwa bakin teku. Ya juya fatar, ya ɗaga ta saitin rana, sai ga layi biyu sun fito fili a tsakiyar baya. Ya jefa ta kan tulin masu aibi da ke gefe. Baba ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, a duba dai. Ta ɗiyata ce, takalmin lakol za ta saya." Alhajin ya ce, "Sarkin fawa, wallahi ba ni ka yanke kuɗin ba. Daga can aka aiko shi. Wagga ko na ɗauka, maido mini ita za su yi." Abin da ya miƙo bai kai kuɗin ƙafa ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba ya karɓa da hannu biyu, har da godiya.

Iya ta kwana biyu ba ta iya haɗa ido da ni ba, tsohuwar da laifinta kawai ta ceci ran dabba. Baba ya samo guntun tsohuwar tayar mota, ya sa wuƙar fawa ya yanka mini takalmi, ya yi maɗauri da ragowar fata. Dirakta ya kalle su ya kawar da kai, ya ce in hau. A Gazawa 'yan mata suka yi ta ce mini mai kamyo, wato mai babbar mota, na rubuta jarrabawar ina ɓoye ƙafafuna ƙarƙashin benci. Na ci, amma raina a ɓace na ci.

Yau ni ke koyarwa a wani lakol a Gidan Rumji, kuma na karanta littattafan da suka ba wannan abu sunaye masu tsawo: wasu ƙasashe su sayi ɗanye a farashin da suka yanka, su sarrafa, su sayar a farashin da suka ga dama. Baba bai san ko ɗaya daga sunayen ba, ya rasu yana gode wa masu cutarsa, kuma har gobe ina kewar hannunsa da ke shafa fata kamar mai lallashin jariri. Bara na je kasuwa sayen takalmin gwanjo wa ƙaramar 'yata. Cikin dilar da aka kwance na ɗauko wasu na fata, dugadugan sun cinye, da sunan wani yaro a rubuce da biro a ciki. Ina shafawa yatsuna suka gane fatar, laushin nan da ƙananan ƙwayoyin nan na jar akuya ne. Na biya ba tare da na yi ciniki ba. Tamu ce, sai da wani yaro ya gama da ita a can sannan aka sayar mana.