Sharar da Dodon Caina Ya Bari

Ranar sabuwar shekarar 'yan Caina ba a zuwa makaranta a New York, shi ya sa Baba ya tafi da ni wurin sana'arsa a unguwar 'yan Caina. Daga unguwarmu Highbridge har muka sauka a tsaye nake cikin jirgin ƙasa, ina gyangyaɗi a jikin rigar sanyinsa.

Baba ba shi da shago. Tebur gare shi na huluna da safar hannu da cajar waya, a jikin bangon wata tsohuwa 'yar Caina mai sayar da busasshen kifi da saiwoyi. Ita ta bar masa gefen bangon. Duk ranar da ta ce ya tashi, ya tashi ke nan, kuma kowane bango a layin da mai shi. Mama yake ce mata.

Wajen azahar ganguna suka matso, dodon bikinsu ya shigo layin. Kansa ya kai firjinmu girma, ga ƙaho, ga farin gemu, jikinsa jan ƙyalle ne mai tsawo a kan sanduna. Ni ƙafafun masu riƙe da sandunan nake kallo. Igiyar takalmin ɗayansu ta kwance, yana ta taka ta, ba halin tsayawa.

Malamarmu ta taɓa gaya mana wannan dodon ba ya cin mutane. A ruwa yake zama, shi ke kawo damina da albarka, kuma iya tsawonsa iya alherin shekarar. Na raɗa wa Baba haka.

"Ruwa yake kawowa? To a kai shi Maraɗi mana," in ji shi, bai ko ɗago daga jera huluna ba.

Dodon ya sunkuyar da kai a ƙofar tsohuwar. Yara suka yi ta murɗa wasu bututu suna fashewa, jajayen takardu suka rufe ƙasa. Tsohuwar tana tsaye cikin jar riga tana dariya. Ranar na san tana da haƙorin zinariya.

Da taron ya wuce ta koma ciki. Baba ya ɗauko tsintsiya ya share gaban teburinsa, sannan ya wuce ƙofarta. Haka yake mata kullum, ya ce haƙƙin maƙwabtaka ne. Ya tattara komai tas, ya ƙulle a baƙar leda.

Ihunta ya sa na saki safar da ke hannuna. Turancinta guntu-guntu ne, na Baba ma haka, ga mutane sun fara tsayawa.

Baba ya juyo gare ni. "Uwata, me take cewa?"

Ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, yau ga ni tsakanin manya biyu, kowa bakina yake kallo.

"Ta ce ba a shara yau. Wai abin da dodon ya zubo mata arzikin shekara ne, ka kwashe."

"Takarda ce fa."

"Ta ce..." Na kalli takalmina. "Ta ce ka ɗauke teburinka."

Wani mutumin Gana mai sayar da turare a gefenmu ya leƙo. "Alhaji, arzikin mata guda ka ƙulle a leda? A raba da mu mana!"

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ledar. A garinsu, wanda ya zuba shara a ƙofar maƙwabci faɗa yake nema, sai manya sun shiga tsakani. Da hakan ya tashi, da hakan yake mana faɗa in muka yar da ɓawon lemo a matakalar gidanmu.

"Tambaye ta, in na mayar fa?"

Na tambaya. Ta dai harɗe hannuwa.

Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya kwance ledar ya fara watsa takardun da hannu a ƙofarta, yana tsince guntayen sigari da kofunan shayi yana ajiyewa gefe. Leɓensa na motsi, na san istigfari yake. Takardun sun jiƙe da ruwan ƙanƙara, suka rina masa yatsu ja. Na durƙusa zan taya shi, ya ce in koma in tsare tebur.

Da ya gama, tsohuwar ta ɗauki tsintsiyarmu ta shige da ita shago.

Muka zauna har bayan la'asar. Ba ta ce mu tashi ba, ba ta ce mu zauna ba. Duk wanda ya tura ƙofarta sai Baba ya waiga. Ƙafafuna sun mutu don sanyi, ban faɗa ba.

Muna zuba kaya a jaka ta leƙo, ta yi magana a gajarce, ta koma.

"Me kuma ta ce?"

"Ta ce in ka zo gobe ma kar ka yi shara."

"In na zo gobe," in ji Baba. Ya zauna a kan kwalin kaya, ya rufe ido kaɗan, sannan ya ce in miƙo masa igiyar ɗaure tebur.